Tallan kamfani a tsakanin masu kodin: sifam ne ko sanarwa ce?

Rigimar nan tsohuwa ce, ta girmi yawancin masu yin ta yanzu. Masu rubuta manhaja sun taru wuri ɗaya suna maganar aikinsu, wannan ya kawo matsalar da ta hana shi barci, wancan ya nuna masa layin da ya kuskure, sai kawai wani ma'aikacin kamfani ya faɗo da sanarwa, wai sun fitar da sabon kaya, yana aiki da yaren da kuke rubutu da shi, ga farashi ga inda za a sauke. Nan take jama'a su rabu biyu. Wasu su ce sifam ne, wato saƙon da ake watsa wa mutane ba su nema ba, a goge a kori mai shi, wasu su ce haba jama'a, ai abin ya shafi sana'armu, in ba a nan muka ji ba a ina za mu ji?

Bari in faɗi inda na tsaya tun yanzu. Sanarwar kamfani ba ta zama sifam don kawai akwai kuɗi a bayanta. Abin da ke mai da ita sifam shi ne a ɗora wa mutane nauyin karanta ta ba da yardarsu ba, sannan a toshe musu hanyar cewa a'a. Toh amma faɗa a baki ba wuya, sai an ajiye maka saƙo ɗaya takamaimai an ce yanke hukunci, nan za ka ga ashe abin yana da rassa.

Saƙon da ake kira sifam na farko a tarihi ma sanarwar kamfani ce ga masana kwamfuta, daidai irin wadda muke gardama a kanta. Farkon watan Mayu na 1978 ne, lokacin babu intanet irin ta yanzu sai ARPANET, hanyar sadarwar da ma'aikatar tsaron Amurka ta ɗauki nauyinta don jami'o'i da cibiyoyin bincike. Wani mai suna Gary Thuerk, jami'in talla a kamfanin DEC mai ƙera kwamfutoci, ya sa aka tura saƙo guda ga mutum kusan 400 da ke gaɓar yammacin Amurka yana gayyatarsu baje kolin sababbin injinan DECSYSTEM-20 a Los Angeles da San Mateo. Ku lura fa, waɗanda aka tura wa ba 'yan kasuwa ko manoma ba ne, mutane ne da kullum a gaban kwamfuta suke kwana, da yawansu ma injinan DEC ɗin suke amfani da su a wurin aiki, kuma sabuwar na'urar an yi ta ne yadda za ta hau ARPANET kai tsaye. In ana maganar talla da ya dace da masu sauraro, da wuya ka samu wanda ya fi wannan dacewa. Duk da haka aka yi masa ca.

Me ya harzuƙa su? Abu biyu. Na farko hanyar ta gwamnati ce, da kuɗin haraji aka gina ta, har wani jami'in soja mai kula da ita, Manjo Raymond Czahor, ya fitar da gargaɗi cewa an keta ƙa'ida ƙarara domin hanyar ta aikin gwamnati ce kaɗai. Na biyu kuma yadda saƙon ya zo. Da hannu aka riƙa buga adireshin mutane ɗaya bayan ɗaya daga wani littafin sunaye, suka yi yawa har suka cika gurbinsu suka malalo cikin jikin saƙon, sai ka wuce tulin sunaye kafin ka ga me ma ake son faɗa maka. Richard Stallman, wanda daga baya ya kafa tafiyar manhaja mai 'yanci, yana jami'ar MIT a lokacin, kuma da farko kare saƙon ya yi, ya ce shi bai ga abin damuwa ba. Da aka tura masa kwafi ya gani da idonsa sai ya janye maganarsa, ya ce bai kamata a bar kowa ya tura saƙo mai dogon jerin adireshi a kansa haka ba, ko a kan mene ne. Wannan jawabin nasa ya fi burge ni a duk labarin, saboda bai ce laifin saƙon shi ne talla ba, wahalar da aka ba mai karatu ya duba. Shi kuwa Thuerk ya sha gaya wa 'yan jarida daga baya cewa saƙon ya jawo musu cinikin dala miliyan 13 zuwa 14, kun ga dalilin da ya sa abin ba zai taɓa mutuwa ba, mai turawa ribarsa babba ce kuma kusan ba ya kashe komai, asarar lokaci kuwa an rarraba ta a kan ɗaruruwan mutane kowa ya ɗauki 'yar kaɗan.

Yanzu ga abin da masu cewa a hana kowace sanarwa ba sa son a tuna musu. A 1991 kaɗai, a zaurukan Usenet, wato tsarin tattaunawar da masu kwamfuta suke amfani da shi tun 1980, an yi sanarwa uku da suka canza sana'ar nan gaba ɗaya. A Fabrairu Guido van Rossum ya saki yaren kodin na Python a zauren alt.sources. Ranar 6 ga Agusta Tim Berners-Lee ya yi bayanin yanar gizon da ya ƙirƙira a alt.hypertext. Ranar 25 ga Agusta kuma wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya shiga comp.os.minix ya ce yana haɗa wani tsarin sarrafa kwamfuta (wanda daga baya ya zama Linux) don sha'awa kawai, yana son jin me mutane suke so da wanda ba sa so. Zauren nan fa na masu amfani da Minix ne, tsarin sarrafa kwamfuta na Farfesa Andrew Tanenbaum wanda a lokacin sayar da shi ake yi, shi kuma yaro ya shigo gidan wani yana tallan abin da zai zama kishiyarsa. Da a ce akwai adimin mai zafin hannu a ranar, da labarin Linux ya fara da gogewa.

Na san amsar da za a ba ni, ai waɗannan kyauta ne, ba kamfani ba ne. Gaskiya ne, amma kyauta ba ta raba gardamar nan. Yau yawancin tallan da ke damun masu kodin da kalmar kyauta yake zuwa, gwaji kyauta na wata ɗaya, matakin farko kyauta, ko buɗaɗɗiyar manhaja wadda in ka leƙa bayanta kamfani ne mai masu zuba jari yake jiran ka saba da ita kafin ya kawo maka takardar biya. A ɗaya ɓangaren kuma akwai kayan kuɗi da jin labarinsu alheri ne ga mai sana'a. Lokacin da kamfanin Borland ya fitar da Turbo Pascal, kayan rubuta manhaja, a 1983 a kan dala 49.95, alhali irinsa ɗaruruwan daloli ake sayarwa, duk ɗalibin da wani ya ba shi labari ai taimakonsa aka yi. Haka in kamfanin da ya sayar maka da kayan aiki ya gano wata kafa da ɓarayin intanet za su iya shiga, ya fitar da gyara, sanar da kai wajibi ne a kansa, ko da sanarwar tana ɗauke da sunansa da tambarinsa. Saboda haka layin da ake son ja tsakanin na kuɗi da na kyauta ba ya tsayawa.

Mutanen Usenet sun gano haka da wuri, kuma wuya ce ta koya musu. Ranar 12 ga Afrilu 1994 wasu lauyoyi biyu, miji da mata, Laurence Canter da Martha Siegel daga Phoenix a jihar Arizona, suka sa aka rubuta musu ɗan gajeren furogiram da ya liƙa tallansu na cike takardun cacar bizar zama a Amurka a zauruka sama da 5,500, zauren masu yaren kodin na C da na masu kiwon kifi da na masu addini duk bai bar ko ɗaya ba. Martanin da aka yi musu ya durƙusar da injinan kamfanin da ke ba su intanet har ya rufe musu asusu, wani ɗan Norway mai suna Arnt Gulbrandsen kuma ya rubuta furogiram da ke bin saƙonninsu yana sokewa. Amma daga nan sai wata tambaya mai nauyi ta taso, wa ya ba ka ikon soke maganar wani, kuma da wane ma'auni? In aka ce duk talla a soke, gobe wani zai soke ra'ayin da bai yi masa daɗi ba ya ce talla ne.

Maganin da suka samo shi ne su daina duba abin da saƙo ya ƙunsa, su koma ƙirga. Wani mai suna Seth Breidbart ya kawo lissafin da ake kira da sunansa. Kowane kwafi na saƙo ana duba zauruka nawa aka liƙa shi, sai a ɗauki lambar da in ka yi ta sau kanta za ta ba ka wannan adadin, misali zaure 16 ya zama 4 tunda 4 sau 4 16 ne, sannan a tara na duk kwafin. In jimilla ta kai 20 a cikin kwana 45, sifam ne, a soke, ko tallan sabulu ne ko wa'azi ko neman taimakon marayu. Kwafi ɗaya da aka haɗa wa zaure 16 a lokaci guda makinsa 4 ne, amma kwafi 16 daban-daban kowanne a zaurensa makinsu 16, kuma akwai hikima a ciki, domin na farkon sau ɗaya ake ajiye shi a kan na'ura kuma sau ɗaya mai karatu zai gan shi ko da yana cikin duk zaurukan, na biyun kuwa sai ya ci karo da shi sau 16. Nauyin da aka ɗora wa mutane ake aunawa. Ƙungiyar Spamhaus da Steve Linford ya kafa a 1998, wadda har yau kamfanonin imel ke dogaro da jerin sunayenta, a kan wannan turbar take, a wurinta sai saƙo ya haɗa abu biyu, ba a nema ba kuma an watsa shi da yawa, kuma suna nanata cewa maganar yarda ce ba maganar abin da ke ciki ba.

In muka bi wannan ma'aunin, kamfanin da ya zo sau ɗaya, a wuri ɗaya da ya dace, ya ce ga sabon abin da muka fitar, bai yi sifam ba. Shikenan an gama? A'a, ba a nan gizo ke saƙar ba. Ma'aunin Breidbart yana kama mutum ɗaya da ya yi magana sau ɗari biyu, amma ba ya kama mutum ɗari biyu da kowanne ya yi magana sau ɗaya. Kowane kamfani zai rantse maka sau ɗaya ya turo, kuma gaskiya ya faɗa, amma kai da ka buɗe wayarka da safe don ganin ko an amsa tambayarka, abin da ka tarar talla ne a kan talla, tambayarka ta nutse a ƙasa. Waɗanda suka fara tafiya kuma su ne ƙwararrun da ke amsa tambayoyi kyauta, saboda su ne lokacinsu ya fi tsada, kuma in suka tafi taron ya mutu ko da sunayen mutum dubu suna nan a jere. Shi ya sa nake ganin masu jin haushin sanarwar kamfani ba wai ƙyashi ke damunsu ba, sun taɓa ganin wuri mai albarka ya lalace ne. Usenet ɗin kanta haka ta lalace, a Fabrairu 2024 Google ya daina ɗaukar sababbin saƙonninta, kuma cikin dalilan da ya bayar har da cewa da yawa daga abin da ya rage a ciki musayar fayiloli ne da sifam.

Abin da ya yi aiki a wancan zamanin shi ne a ba sanarwa ƙofarta daban. Aka buɗe zauruka irin comp.lang.python.announce da comp.os.linux.announce, masu mai tacewa, wanda yake son labarin sababbin kaya ya shiga da ƙafarsa, wanda ba ya so ya zauna a inda ake tattaunawa. Inda ba a raba ba kuma aka saba sa alamar ANN, wato sanarwa, a farkon taken saƙo yadda mutum zai iya sa manhajarsa ta tsallake duk mai wannan alamar. Ƙaramar dabara ce amma ta mayar da zaɓi hannun mai karatu, kuma daga lokacin da mutum ya shiga da kansa kalmar "ba a nema ba" ta faɗi.

Lamarin da ya fi wahala a wurina na 2019 ne, don a nan wanda ya yi tallan ba wani katafaren kamfani ba ne, mutum ne da ya yi wa jama'a hidima shekara da shekaru. Feross Aboukhadijeh yana kula da fakej, wato ƙananan manhajojin da ake haɗawa cikin babban aiki, sama da ɗari na yaren JavaScript kyauta, ciki har da standard, wanda ke duba tsarin rubutun kod. A watan Agusta na shekarar ya gwada wani abu, duk wanda ya girka standard ta npm, rumbun da ake sauke fakej na JavaScript, sai wani ɗan allon talla ya fito masa a baƙin allon da ake buga umarni, na kamfanin Linode ko LogRocket, kuɗin tallan kuma ya tafi wajen kula da manhajar. Babu leƙen asiri a ciki, babu tattara bayanan kowa, kuma kayan da ake tallatawa na masu kodin ne. Hujjarsa mai ƙarfi ce, manyan kamfanoni suna cin miliyoyi da aikin da wasu suka yi a ɗakunansu ba a biya su ko sisi ba. Wallahi duk wanda ya taɓa kula da wata manhaja kyauta ya san zafin nan.

Amma jama'a suka ƙi, kuma ina ganin da gaskiyarsu. Aikin JavaScript matsakaici yana jawo fakej ɗaruruwa, wani ma ya haura dubu, yawancinsu ba kai ka zaɓe su ba, wanda ka zaɓa ne ya jawo wani, shi ma ya jawo wani. In kowanne ya ce shi ma zai buga tallansa, ina za ka ga gargaɗin da ke gaya maka wani abu ya karye? Kuma baƙin allon nan wurin aiki ne, ba ka da yadda za ka yi ka kauce masa. Mai tallan magani da lasifika in a kasuwa ya tsaya, ka ga dama ka tsaya ka ga dama ka wuce, amma in ya miƙe a cikin doguwar mota an kama hanya, dole ka saurara har ya gaji, ko da maganin nasa na gaske ne. Cikin 'yan kwanaki wasu suka fara rubuta abin toshe talla na baƙin allo, masu tallan suka janye, Feross ya dakatar da gwajin bayan ya tara kusan dala 2,000, npm kuma ya sa doka cewa ba a yarda fakej ya nuna talla lokacin girkawa ba. A Nuwamba suka fito da umarnin npm fund, shi ne layin nan guda da kuke gani bayan girkawa yana cewa fakej kaza suna neman tallafi, in kana so ka buga umarnin ka ga jerinsu. Dabarar 1990 da wani abu ce aka sake dawowa da ita, a tara sanarwa a bayan ƙofa ɗaya, mai so ya buɗe.

Sai dai kar mu yaudari kanmu cewa hakan ya magance matsalar kuɗin. Denis Pushkarev, mai core-js, manhajar da ke sa sababbin abubuwan JavaScript su yi aiki a tsofaffin burawuza kuma take cikin wani kaso mai yawa na manyan shafukan duniya, ya daɗe yana sa saƙo lokacin girkawa yana neman tallafi, har da cewa marubucin yana neman aiki mai kyau. An zage shi ba kaɗan ba a kan wannan, duk da ya bar hanyar kashe saƙon ga wanda ya san ta. A Fabrairu 2023 ya rubuta dogon bayani ya ce abin da yake samu ya sauko zuwa kamar dala 400 a wata. Ni ba zan iya kiran saƙonsa da sunan da zan kira tallan lauyoyin Arizona ba, mutum ne yake magana a cikin kayan da ya yi da hannunsa kuma kake amfana da su. Amma kuma na fahimci wanda ya ga saƙon sau hamsin a rana a wurin aiki ya ƙosa. Laifin a nan ya fi komawa kan kamfanonin da ke amfani da aikinsa ba sa biya, su suka tura shi yin bara a inda bai kamata ba.

Akwai kuma tallan da kamfani ba ya turawa da kansa, sai ya sa wasu su yi masa. A Oktoba 2020 shirin Hacktoberfest na kamfanin DigitalOcean, wanda a lokacin yake ba da riga ga duk wanda ya tura gyara huɗu ga buɗaɗɗun manhajoji, ya jawo ambaliyar gyaran banza a GitHub, shafin da masu kodin ke ajiye ayyukansu, mutum ya ƙara kalma ɗaya a takardar bayani ya turo don kawai ya cika huɗu. Kamfani ya samu suna, masu kula da manhajoji da ba a taɓa tambayarsu ba suka kwana suna share shara. Cikin kwanakin farko na watan aka canza doka, sai manhajar da mai ita ya sa alamar yana so ne kawai za a ƙirga. Yarda dai aka koma nema. Canonical, kamfanin da ke yin tsarin sarrafa kwamfuta na Ubuntu, ma ya sha suka a 2022 da tallan kayansa Ubuntu Pro ya fara fitowa a baƙin allo lokacin sabunta na'ura.

Doka fa? Ba ta da abin cewa sosai a nan. Dokar CAN-SPAM ta Amurka ta 2003 ta yarda a turo maka tallan imel ba ka nema ba muddin ba a yi ƙarya a take ba kuma an ba ka hanyar fita, Turai ta fi tsanani tana son a nemi izini tukuna. A Najeriya tun 2016 hukumar NCC ta kawo lambar 2442 da za ka tura STOP a daina damunka da saƙonnin tallan kamfanonin waya, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta ba mutum ikon ƙin a yi amfani da bayanansa wajen tallata masa kaya. Duk waɗannan saƙon da ya zo maka kai tsaye suke dubawa. Abin da ke faruwa a taron masu sana'a kuwa al'adar wurin ce ke hukunci, kuma kamfani zai iya zama bai karya dokar ƙasa ko ɗaya ba amma ya ɓata wa mutane wuri.

Wanda ni ba na yi wa uzuri ko kaɗan shi ne mai ɓoye fuska. Wani ya yi tambaya, sai wani ya fito kamar ɗan'uwa mai ba da shawara, ya ce ni ma na sha wannan wahalar har na gamu da kaza, alhali albashinsa daga kamfanin kazan yake fitowa. Wani lokacin ma su biyu ne, ɗaya ya yi tambayar ɗaya ya amsa. Lissafin Breidbart ba zai kama wannan ba don sau ɗaya aka yi, amma ya fi tallan fili muni nesa ba kusa ba, saboda abin da ke riƙe taron masu kodin shi ne in ɗan'uwa ya ce na gwada ya yi aiki, ka yarda da shi. Shi ya sa Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu kodin, bai hana ka ambaci kayanka ba, sharaɗinsa dole ka bayyana cewa naka ne, kuma kada ya zama duk amsoshinka a kansa suke. Haka masu kwashe adireshin imel daga tarihin gyare-gyaren GitHub su riƙa turo maka "na ga aikinka ya burge ni", alhali furogiram ne ya tura wa mutum dubu goma, ƙa'idar GitHub ta hana wannan a fili, kuma wannan sifam ne babu wata gardama.

A wajenmu yawancin wannan hirar a guruf na WhatsApp da Telegram ake yin ta, kuma duk wanda yake ciki ya san kayan da ke yawo, masu sayar da wurin ajiye shafi, masu kwas na biya, masu linkin gayyata da ke samun kamasho, da masu kirifto da ba su da alaƙa da kodin ko ta ina. Adimin da ya gaji yakan yanke hukunci ɗaya, babu talla kwata-kwata. Na fahimce shi, amma ina roƙon a sake dubawa, don wannan dokar ba Google ko Microsoft take cutarwa ba, su suna da kuɗin da za su same ka duk inda kake, har taro suke ɗaukar nauyi su raba riguna. Wanda take rufe wa baki shi ne yaron Zariya ko Maraɗi da ya kwana wata shida yana haɗa wata 'yar manhaja, ba shi da kuɗin talla, ba shi da inda zai nuna ta sai gaban 'yan'uwansa masu sana'a, waɗanda su ne ma za su gaya masa inda ta yi rauni kafin ya kai ta kasuwa. In muka kore shi tare da mai kirifto mun yi asara.

Abin da nake ganin ya fi shi ne a ware rana ɗaya a mako ko wani sashe daban na sanarwa, Telegram ma yana ba da damar raba guruf gida-gida, a ce duk mai kaya ya kawo nan, ya faɗi sunansa da alaƙarsa da kayan, ya faɗi farashi a fili in akwai, kuma ya tsaya ya amsa tambayoyi. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, mai jefa linki ya gudu da mai zama a yi masa tambaya mai zafi ya amsa ba ɗaya suke ba, kuma cikin mako biyu kowa zai gane waye waye.

Sai shari'ar da ke kan iyaka, wadda adimin zai ci karo da ita ko ya so ko bai so ba. A shekarun nan da bankuna da yawa suka dakatar da katin naira a shafukan waje, tambayar da aka fi yi ita ce ina zan samu wurin ajiye shafi da zan biya da naira. Wani ya yi wannan tambayar ranar Talata, ba ranar sanarwa ba, sai ma'aikacin wani kamfani ya amsa ya ce a wurinmu ana biya da naira, ni a can nake aiki, ga farashinmu, ga kuma abin da ba mu iya yi tukuna. Ni zan bar wannan amsar, an nema kuma ya faɗi ko shi waye. In bayan kwana uku ya dawo da saƙon nan ba wanda ya tambaya, zan ɗauke shi in mayar sashen sanarwa in yi masa magana ta gefe. In ya sake na uku, ko na gano lamba biyu yake amfani da su ɗaya na tambaya ɗaya na amsawa, zan cire shi.